Maganin Baba da aka raba kamar dabino

Assalamu alaikum. Ni karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya, in kun ga rubutun ya karkace ku yi mini uzuri. Na rubuta ne saboda masu iyaye a waje, musamman waɗanda iyayensu suka tsufa a Saudiyya suna zuwa gida hutu. Abin da ya same mu ba na fatan ya sami kowa.

Mahaifinmu ya daɗe a Jidda, gadi yake yi a wani sito na kayan gini. Ina ƙarama ya tafi. Sai an ɗauki lokaci yake zuwa, ya yi mana 'yan watanni ya koma. Innarmu ma yana can ta rasu. Yana da hawan jini da ɗan suga, amma ba mu taɓa ɗaukar abin da zafi ba, don ko yaushe aka yi masa ya jiki sai ya ce ai yana da inshora. Kamfanin da yake wa aiki ke biya. In ya je asibiti ya miƙa kati, a duba shi, a ba shi magani, abin da zai fitar daga aljihunsa bai taka kara ya karya ba. Mu nan gida mun ɗauka inshorar nan kamar riga take, duk inda ya sa ƙafa tana jikinsa.

Bana ya zo lokacin kaka, saboda haihuwata ta fari. Ina gidanmu na ƙauye can wajen Yargoje, ina wankan jego a hannun Gwaggo Hajara, ƙanwarsa. Bai sami suna ba, amma ya tarar ban yi arba'in ba. Da aka miƙa masa jaririyar ya juya ta ya ce wannan amarya tasa ba ta da ko gashi, a maido masa da sadakinsa. Gwaggo ta ce tsohon da haƙoransa suka fara zubewa ma har ya sami bakin zaɓe. Ranar gidan ya cika da dariya, ni kuwa sai kallonsa nake, don na ga ya yi furfurar da ban san shi da ita ba.

Ya zo da maganinsa daidai na hutunsa, da ɗan ƙari. Cikin wani gwangwanin alawa yake ajiye shi a bakin taga. Ni ke share masa ɗaki, shi ya sa na san yadda gwangwanin yake ranar farko: cike, sai an danna murfin.

Kun san yadda ake yi in mutum ya dawo daga can. Masu sannu da zuwa ba sa yankewa, kuma ba wanda zai fita hannu wofi. Dabino ya ƙare, zamzam ya ƙare har an ƙara masa ruwan rijiya ya sake ƙarewa, carbi da turare duk suka tafi. Wata safiya Alhaji Mati, abokin Baba tun suna kiwon awaki, ya tarar da shi yana haɗiyar ƙwaya bayan karin kumallo. Ina daga ƙofa ina jin su.

"Wanga fa na mine ne?"

"Na jini ne."

"Kai kam ka ji daɗi. Ni kaina kullum kamar ana daka a ciki, na nan kuwa duk alli ne suke sayar muna."

Baba ya buɗe gwangwani ya ɓalle masa katin ƙwaya guda. Shi ke nan. Kafin Juma'a ta zagayo gari ya ɗauka Baba ya zo da maganin Makka. Tsofaffi suka riƙa zuwa gaisuwa karo na biyu. Mata suna aikowa ta hannun Gwaggo. Har mai ciwon gwiwa sai da ya karɓa. Baba kuwa ba ya iya cewa babu. Mutumin da ya yi shekaru a waje, ya zo, ɗan uwa ya roƙe shi ƙwayar magani ya hana, da wane ido zai shiga masallaci?

Ni mai tsoro ce tun asali, haihuwa kuma ta ƙara mini. Kullum in na je shara sai na girgiza gwangwanin, ina jin ƙararsa tana ƙara yawa. Na gaya wa Gwaggo, ta ce magani ai sadaka ne, kuma in rage sa abu a rai kada nonona ya ƙafe. Na yi ƙarfin hali na sami Baba, na durƙusa na ce maganin fa ya yi ƙasa. Ya yi murmushi ya ce, "Auta ke nan, sarkin tsoro. In na koma su ba ni wani, ai ba saye nike ba."

Sai na lura ya fara sha yau, gobe ya tsallake. Daga baya yana raba ƙwaya gida biyu da farce. Sannan gwangwanin ya koma wurin ajiyar allura da zare. Yayana Sani ya ɗauki fankon katin ya kai kemis ranar kasuwa, ba su da irinsa, suka ba shi wanda suka ce ɗan uwansa ne. Baba ya gwada, ya ce yana sa shi yawan fitsari, alwala ba ta zama, ya ajiye.

Makon farko na ciwon, abin a hankali ya shigo. Ya ce ƙeyarsa na sarawa. Idonsa ya yi ja. Na ga buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu, ya tsaya yana kallon hannun kamar ba nasa ba. Na ga yana jan takalmin hagu a ƙasa, har yana barin sawu dogo a tsakar gida inda na share. Na sake yi wa Gwaggo magana, ta ce gajiyar baƙi ce. Washegari da safe yana shan koko sai na ga yana zubowa ta gefen bakinsa, shi kuma bai sani ba. Na ce Baba, ya amsa, amma maganar ba ta fito daidai ba.

Gwaggo ta ce iska ce ta buge shi, aka aika kiran wanzami ya yi masa ƙaho. Yaya Sani na gona, waya ba ta shiga. Ni ga jaririya, ga shi ba a barin mai jego ta fita. Rabin yini muka ɓata a haka. Da Yaya ya dawo ya gan shi, bai ko wanke ƙafa ba ya fita neman mota. Gwaggo ta ce ba inda za ni, na saɓa ɗiyata a baya na shiga motar ina kuka, ta bar ni. Direba ya ce mu yi sauri, shi ba ya bin hanyar nan in la'asar ta yi.

A asibitin Kankara nas ta auna jininsa, ta sake aunawa, ta kira 'yar uwarta ita ma ta auna. Likitan matashi ne, da ganin idonsa ya gaji. Ya tambayi maganin da Baba ke sha, na kwance ledar da na tara fankon katunan a ciki na miƙa masa. Ya ce yaushe rabonsa da shi. Na faɗa masa gaskiya, har da yadda aka yi ya ƙare. Ya juya katin, sannan ya ce, "Wannan magani ba a hutu da shi." Maganar nan har yau tana kunnena. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya kuma ce mu gaya wa duk wanda ya sha ba tare da an auna shi ba ya zo a duba shi, don maganin wani yana iya kayar da wani.

Wurin biyan kuɗi ne muka fara sanin inda muke. Yaya ya ciro katin inshorar daga aljihun Baba ya miƙa da ƙarfin gwiwarsa. Mutumin ya duba gaba ya duba baya, duk Larabci, ya maido masa a hankali ya ce wannan ba na nan ba ne. Yaya ya ce ai na ƙasar waje ne, ya fi na nan ƙarfi. Mutumin bai yi masa dariya ba, Allah Ya saka masa, ya ce dai ya kira can ya tambaya.

Muka kira Malam Idi, mutumin Faskari, wanda suke ɗaki ɗaya da Baba a Jidda. Bawan Allah nan ya bar aikinsa ya je ofishin kamfani, ya kira mu da amsa. Inshorar Baba a cikin ƙasar kawai take aiki, da ya hau jirgi ta tsaya a can. Akwai wata daban ta matafiya, wadda ake saye kafin a taso saboda larurar gaggawa, Baba bai taɓa saye ba, kuma ba a sayen ta bayan ciwo ya riga ya faɗo. Sannan ya faɗi wadda ta fi tayar mana da hankali. Izinin komawar Baba yana da wa'adi, igamarsa kuma, wato takardar zamansa, ta kusa ƙarewa. In ya koma kan lokaci, gado da magani da gashin jiki duk inshora za ta ɗauka. In lokaci ya wuce, aiki ya tafi, inshora ta bi shi, kuma a shekarunsa ba kamfanin da zai sake ɗaukarsa.

Tun daga ranar jinyarmu ta koma abu guda: Baba ya miƙe ya hau jirgi kafin takarda ta mutu.

Mako na biyu aka tura mu babban asibiti a birni don a ɗauki hoton kansa. Ragon da Baba ya saya wa jikarsa shi aka fara sayarwa, sai masarar da ko sussuka ba a gama ba. Layin hoton ba zan manta da shi ba. Ka zo da sassafe ka tarar da mutane sun riga ka, a ce wuta, a ce mai na'ura ya fita, a ce gobe. Yaya ke kula da jikin Baba, wanka da kai shi bayi, ni kuma abinci da wanki, ina sauka gidan wata 'yar uwar maigidana. Ɗakin maza cike da masu tari, ni ga ɗanyen goyo. Duk wanda ya yi tari kusa da ni sai na ja mayafi na rufe mata fuska, har zufa ta feso mata da ƙuraje a wuya, na koma ina tsoron ƙurajen. Wata nas babba ta yi mini faɗa a gaban mutane, ta ce wace irin uwa ce ke shigo da jaririya nan. Na fita na zauna a baranda na yi kukana. Can sai ga ta, ta kama hannuna ta kai ni wani ɗan ɗaki bayan ofishinsu mai fanka, ta ce nan zan riƙa ba da nono, kada ta sake ganina a ciki. Har muka bar asibitin ba ta taɓa sakar mini fuska ba, kuma ba ta taɓa kulle ɗakin ba.

Hoto ya nuna jijiya ce ta toshe, jini bai zuba ba. Suka ce a gode wa Allah, muka gode. Yaya ya tambayi maganar jirgi, babban likita ya ce ba yanzu ba, bai kuma ce yaushe ba.

Mako na uku 'yan dubiya suka fara zuwa daga gida, kowa da abin da ya sani. Wannan ya ce tafarnuwa da zuma. Wancan ya ce a dinga murza hannun da man shanu mai ɗumi. Wata ta ce baki ne, mutum ya zo daga Makka da ƙiba dole a sa masa ido. An kawo rubutu, an kawo sassaƙe cikin galan. Rubutun mun ba shi, sassaƙen na zubar a bayan katanga na ce ya sha, don likita ya ce ƙodarsa ba ta son wasa.

Alhaji Mati ma ya zo, da kaza a hannu. Ya zauna bakin gado ya laluba aljihu ya ciro 'yar takarda a ƙudundune ya ajiye kan cinyar Baba. Sauran ƙwayoyin ne, sun yi laushi da zufa.

"Ga abinka. Ni ba abin da suka yi mani sai jiri. Na je an auna ni, wai ba ni da hawan jinin ma, ido ne ke sa mani ciwon kai."

Baba ya yi dariya da rabin baki har hawaye ya zubo masa, ya ce da ƙyar, "Ɓarawo." Alhaji Mati ya ce ɓarawon da ya maido kaya ai ya fi mai kyautar da ba ta da kai. Shi ma idonsa ya cika. Ni na so in ji haushinsa, na kasa. Roƙa ya yi aka ba shi, kamar yadda kowa ke yi.

A makon nan ne Gwaggo da Yaya suka saɓa. Gwaggo ta ce a daina wahalar da shi da maganar komawa. Ya ba baƙi ƙuruciyarsa, matarsa ta mutu bai ga gawarta ba, yanzu kuma a ɗauke shi a keke a kai shi inda ba mai ba shi ruwa in ya ji ƙishi? In rai ne ya ƙare a gida, in mutuwa ce a rufe shi kusa da iyayensa. Yaya ya ce ita ba ta san abin da ake kashewa ba, nan da wata biyu ba abin da zai rage sai gonar gado, can kuwa komai a shirye yake. Suka juyo kaina wai in faɗi nawa. Na ce ni ban sani ba. Kuma da gaske ban sani ba. In na kalli hannunsa sai in ce ya tafi, in na tuna ɗakin da zai kwanta shi kaɗai Malam Idi na wurin aiki, sai in ce ya zauna. Da aka tambayi Baba ya ɗaga hannun dama ya nuna gabas. Gwaggo ta bar maganar, amma kwana biyu ba ta yi wa Yaya magana ba.

Maigidan Baba na can ya yi mana kirki sau ɗaya, ya sa aka ƙara wa'adin komawa. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Amma ya gaya wa Malam Idi cewa igama in ta ƙare ba zai sabunta wa wanda ba ya iya tsayuwa a bakin ƙofa ba, don inshorar tsoho mai ciwo tsada gare ta.

Da aka sallame mu, maigidana ya ce a kawo Baba gidanmu a cikin Kankara saboda kusa da asibiti, ya kwashe kayansa daga ɗakin zaure ya ba shi. Nan muka shiga gashi da motsa jiki. Ban taɓa ganin mutum ya yi faɗa da jikinsa kamar Baba ba. Ya dafa bangon zaure ya ja ƙafa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya huta, ya juyo. Gumi na zuba, ina bin sa a baya da hannuwa a buɗe kamar mai tarar yaro. In na ce ya isa haka sai ya harare ni. Ni kuma ga girki, ga wanki kashi biyu, nasa da na jaririya, bayana har yau bai koma daidai ba. Akwai ranar da na zuba gishiri a kununa na sa sukari a miyar Baba, na zauna a kan turmi na rasa ko kuka zan yi.

Daga baya likita ya ce zai iya hawa jirgi in da mai rakiya. Muka yi murna ta yini ɗaya. Mai rakiya sai da fasfo da biza, Yaya ba shi da ko ɗaya, kuma ko an sayar da gonar takardun ba za su fito kan lokaci ba. Aka nemi wani mai komawa cikin 'yan garinmu, wanda aka samu ya ce yana tsoron ɗaukar nauyin marar lafiya a hanya. Ban ga laifinsa ba.

Mun yi tambaya ko akwai wata inshorar da za ta karɓe shi a nan. Wani abokin Yaya mai shagon waya ya bincika mana. Akwai wadda ke bin mutum kowace ƙasa, amma abin da suke fara tambaya shekaru ne da ciwon da kake da shi, tsohon ciwo kuma ba sa ɗauka, kuɗinta ma ba irin namu ba ne. Akwai ta gwamnati ta nan gida wadda ake biya shekara-shekara. Ita muka yi masa rajista, suka ce sai an jira kafin ta fara aiki, kuma ban sani ba ko za ta ɗauki gashin. Da tun yana da lafiya muka yi masa, da ta tarar da mu a asibiti.

To 'yan uwa, ga abin da zan ce. In tsohonku zai zo hutu, ku tambaye shi tun yana can ko inshorarsa na tsallake iyaka, in ba ta yi ya nemi ta tafiya kafin ya taso. Ku san ranar da takardunsa ke ƙarewa. Ku yi masa ta gida ko da ba ya nan. Maganinsa kuma ku karɓe ku ɓoye a ɗakin mata, ku riƙa ba shi da hannunku. In an zo roƙo ku ce ku kuka hana. Gara a ce ɗiyar Alhaji marowaciya ce, shi ba zai iya ba.

Ranar da Malam Idi ya kira na ƙarshe, da hantsi ne, Baba na tsakiyar bango yana tafiyarsa. Na kara masa wayar a kunne don hannun dama na dafe da bango. Ina jin muryar Malam Idi sama-sama, yana cewa igama ta ƙare, yana ta ba da haƙuri. Baba bai katse shi ba. Da ya gama, Baba ya ce masa katifa da fanka ya ba sabon yaron da aka ɗauka, tufafi ya aiko in an sami mai zuwa, ya kuma gaida mutanen masallacinsu. Ya kawar da kai, na sauke wayar.

Na ɗauka zai zauna. Na ma jawo kujera. Sai ya ci gaba da jan ƙafar, a hankali, har ya kai kusurwa. Ya tsaya yana haki, goshinsa a jikin bango, ya daɗe a haka. Sannan ya juyo.

"Auta, wace rana ce ake ganin likitan jini a nan?"

Na ce Talata.

"To ki ce ma Sani ya zo da wuri. Kada mu tarar da layi ya yi nisa."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na waje, Ya ba masu jinya ƙarfin baya. Ku sa Baba a addu'a.